Na'urar GPS ta hannu don gudun tsaunuka: wacce za ta kai ka dare na uku?

Ranar da na fara ɗaukar wannan magana da muhimmanci ina kan Bleaklow ne, wani tudu mai taɓo tsakanin Manchester da Sheffield a arewacin Ingila. Watan Disamba ne, la'asar ta yi sakaliya, hazo ya sauko har ba na iya ganin abin da ya wuce taku goma. Na ciro waya don in duba taswira, cajinta ya haura rabi. Sai da na cire safar hannu kafin allon ya amsa, ruwan da ke sauka a kansa yana ta buɗe abin da ban taɓa ba, kafin in gama gane inda nake kuma sanyi ya kashe ta ɗif. Taswirar takarda da kamfas ne suka sauko da ni, bayan sa'a biyu ina lalube cikin laka. Tun daga ranar na shiga bincike da gwaji a kan na'urorin GPS na hannu, kuma ma'aunin da nake auna kowacce da shi guda ne: yaya za ta yi da mutum a dare na biyu ko na uku, lokacin da yatsu suka ƙage, ido ya yi nauyi, kai ya daina lissafi?

Kafin a kashe kuɗi, yana da kyau mutum ya san ko yana cikin masu buƙatarta ma. Yawancin manyan tseren tsaunuka an kafa musu alamomi daga farko har ƙarshe. UTMB da ke zagaye tsaunin Mont Blanc, kilomita 170 da ɗoriya, tutoci masu ƙyalli ne ke jan mutum dare da rana. Haka Tor des Géants na kwarin Aosta a Italiya, mai kilomita 330. Tseren tsaunin Kamaru da ake tashi daga Buea kuwa a yini guda ake hawa a sauko. Duk wanda irin waɗannan ne a gabansa, agogon hannu mai taswira ya ishe shi, ya riƙe kuɗinsa ya sayi takalmi mai kyau. Na'urar hannu ta masu shiga inda ba alama ce: PTL mai kusan kilomita 300 a tsaunukan Alps, Tor des Glaciers mai kilomita 450, da kuma wanda na fi sani, Spine.

Shi Spine a watan Janairu ake yinsa, a kan hanyar Pennine Way, daga ƙauyen Edale zuwa Kirk Yetholm a kan iyakar Scotland. Kilomita 431 ne, an ba mutum awa 168, wato mako guda cif, kuma agogo ba ya tsayawa ko kana barci. A wannan lokaci na shekara duhu yakan kai awa 16 a kowace rana. Jasmin Paris ta cinye shi a 2019 cikin awa 83 da minti 12, ta riga maza da mata duka, amma yawancin mutane sai sun kwana biyar ko shida a hanya. Shekaru da dama dokar tseren ta wajabta ɗaukar na'urar GPS ta hannu. Dokokin kaya sukan sauya, saboda haka a karanta na shekarar da za a shiga, amma dalilan da suka sa aka kafa waccan doka suna nan: agogo yakan shige ƙarƙashin hannun riga uku, allonsa bai fi girman kwabo ba, kuma in cajinsa ya ƙare a tsakiyar tudun Cross Fell, mita 893 sama da teku, iska na neman kayar da kai, ba wurin zaman jona waya ba ne.

Kasuwar nan kusan ta kamfanin Garmin ce. Akwai TwoNav na Sifaniya da wasu ƙalilan, amma in ka duba kafaɗun masu gudu a bakin layin tashi, abin da za ka fi gani biyar ne: eTrex 32x, eTrex SE, GPSMAP 67 da ƙanwarta 67i, sai inReach Mini 2. Manya irin Montana 700 masu allon inci 5 nauyinsu ya kai kusan gram 400, na masu babur da mota ne. Duk mai allon shafawa kuma na cire ta daga lissafi tun farko, saboda abin da na gani a Bleaklow.

Batir shi ne gindin maganar, kuma a nan ne na'urorin suka rabu gida biyu. eTrex 32x da SE suna cin batir ƙanana guda biyu, irin na AA da ake sa wa rediyo da tocila. GPSMAP 67 da inReach kuwa batirinsu a ciki yake, sai dai a yi musu caji. A takarda, 32x ce ta baya: awa 25 kacal. GPSMAP 67 an rubuta mata awa 180, 67i kuma awa 165 in tana aika wurin da kake duk minti 10, SE awa 168. Wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi zai ce magana ta ƙare.

Sai dai lambobin kamfani a yanayi mai daɗi ake auna su, allo a kashe mafi yawan lokaci. Mai gudu cikin dare kuwa yana kunna hasken allo kowane minti kaɗan, taswira tana ta juyawa, sanyi yana tsotse batir. A irin wannan hali kowace na'ura takan ba da ƙasa da abin da aka rubuta mata, wani lokaci ƙasa sosai. Akwai kuma wasu manyan lambobi da ake tallatawa, awa 840 ga 67, awa 1,800 ga SE. Waɗannan na wani tsari ne da ke kashe allo ya riƙa ɗaukar wuri jefi-jefi don ajiye tarihin tafiya. Ba a neman hanya da shi, kada ya ruɗe ka.

Abin da ya fi tsawon awanni muhimmanci shi ne me za ka yi in batir ya mutu. Da 32x, ka juya zoben baya, ka zare biyu ka zura biyu, cikin minti ɗaya ka dawo cike. Da 67, sai ka ciro fawa bank da wayar caji, ka buɗe murfin roba, ka jona a cikin ruwan sama, sannan ka jira. Irin batirin da ke cikinta ba a so a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa, ramin caji kuma ba ya son laima. Amma gaskiya ita ce da wuya mai 67 ya kai ga wannan hali in yana da tsari. Spine na da manyan zango biyar inda ake samun wuta da jakar kayanka, in ka ɗan jona ta a kowanne yayin da kake cin abinci, ba za ta taɓa sauka ƙasa ba. Haɗarin yana ga mai mantuwa, kuma bayan kwana uku ba barcin kirki kowa mai mantuwa ne. Ni abin da ya sa hankalina ya fi kwanciya da AA ke nan: gyaran kuskuren yana cikin aljihuna.

In ka zaɓi AA, nau'in batirin ma zaɓi ne. Na alkalin da aka fi sayarwa suna raunana da wuri cikin sanyi. Na litiyom, irin Energizer Ultimate Lithium, suna aiki har sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifili, kuma kowanne gram 15 ne, na alkalin kuwa kusan 23. Suna da tsada, don haka na tsere ne. Don atisaye na yau da kullum, masu caji irin Eneloop sun fi sauƙi ga aljihu. Kowanne ka sa, ka shiga saiti ka gaya wa na'urar nau'insa, in ba haka ba ma'aunin caji zai yi maka ƙarya. Na litiyom kuma suna da hali guda: sukan nuna cike har kusan ƙarshe, sannan su faɗi gaba ɗaya. Kada ka jira alama, ka sauya su bisa lissafin awanni.

Masu son 32x sukan kafa hujja da nauyi, ita gram 142 da batirinta, 67 kuma 230. Bambancin gram 88 ne. To amma batirin litiyom shida na ajiya gram 90 ne, ka ga an yi kunnen doki. Inda ta fi da gaske shi ne girma: tana ɓacewa cikin tafin hannu, tana shiga aljihun gaba na rigar gudu, ita kuwa 67 doguwa ce mai eriya a kai, sai an nemo mata mazauni a kan igiyar jaka.

Sai maganar allo da maɓallai, wadda a nan 67 ta yi wa sauran nisa. Allonta inci 3 ne, na 32x inci 2.2. A rubuce bambancin kamar ba yawa, amma ga idon da ya kwana biyu yana bin hasken fitilar goshi, ko ga wanda shekaru suka fara sa shi nisanta takarda kafin ya karanta, babba ne. Maɓallanta a gaba suke, manya, kowanne da aikinsa, ana danna su da safar hannu mai kauri. Tana kuma zana taswira nan take. Ita 32x 'yar sanda ce guda a gaba da ake turawa da babban yatsa, sauran maɓallan a gefe. Sandar tana aiki da safa in an saba, sai dai takan motsa da kanta a aljihu, kuma in ka ja taswira gefe sai ka ɗan jira kafin ta cike. Tsarinta tsoho ne, ta fito a 2019 a kan ginin da ya girme ta da shekaru, har ramin wayarta irin na da ne, ba USB-C ba. Duk da haka da tsohuwar zuma ake magani: an daɗe ana dukanta da ruwa da laka da ƙanƙara, an san halinta ciki da bai. Dukansu allonsu irin wanda hasken rana ke ƙara wa fitowa ne, da rana ba sai ka kunna haske ba, kuma dukansu suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa.

eTrex SE kuwa wata aba ce daban, kuma ita ce aka fi saya bisa kuskure. Araha gare ta, kusan dala 150 lokacin da ta fito a 2023, alhali 32x na kusan 300, 67 na 500, 67i na 600. Batir biyu suna kai ta kwanaki. Amma ba ta da taswirar ƙasa. Abin da za ka gani layi ne a kan allo fari da baƙi, da ɗan kibiya mai nuna kai. Muddin kana kan layin, lafiya lau. Ranar da rafi ya cika ya hana ka ƙetarewa, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya dole ka zagaya, ba za ta gaya maka cewa hagunka gangare ne mai santsi, damanka kuma katangar dutse ba. Ga wanda ya iya taswirar takarda sosai, yana son abin da zai tabbatar masa da inda yake kawai, SE ta isa har ta yi yawa. Ga sabon shiga, arahar ba ta biya ba.

Akwai 22x, 'yar'uwar 32x da ta fi ta sauƙin kuɗi, kamanninsu ɗaya. Abin da aka cire mata biyu ne, kamfas na lantarki da ma'aunin tudu mai aiki da nauyin iska, kuma na farkon ba abin sadaukarwa ba ne. Na'urar da ba ta da kamfas sai kana tafiya take gane inda ka fuskanta. In ka tsaya cik cikin hazo, ko kana jan ƙafa a hawa mai tsauri, kibiyar sai ta riƙa yawo, a daidai lokacin da ka fi buƙatar ta tsaya. Kamfas ɗin yana son a daidaita shi bayan sauya batir, aikin daƙiƙa kaɗan ne na jujjuya na'urar a hannu. Ni kuma yana yi mini wani amfani: daga arewacin Ingila alƙibla tana kudu maso gabas, in gari ya rufe ba rana ba inuwa, da shi nake samunta, na'urar kuma tana nuna lokacin fitowar rana da faɗuwarta a daidai inda nake tsaye. Ma'aunin tudu shi ma yana son gyara a kai a kai, domin in yanayi ya sauya nauyin iska yakan sauya, sai ya ƙara maka ko ya rage mita goma-goma kana zaune wuri ɗaya.

Game da daidaiton wuri ana yawan zuzuta 67, kuma da dalili, sai dai dalilin bai shafi kowa ba. Taurarin GPS suna can sama kusan kilomita 20,200, na'ura tana buƙatar jin aƙalla huɗu kafin ta san inda take. A cikin kwazazzabo ko gindin katangar dutse, saƙon yakan bugi dutse ya dawo, sai na'ura ta ɗora ka a inda ba ka. 67 tana sauraron zango biyu na saƙon a lokaci guda daga rukunonin taurari da yawa, ta haka take tace na bogi. 32x zango ɗaya take ji, daga GPS na Amurka da GLONASS na Rasha. A kan tuddan Pennine inda sama take a buɗe, da ƙyar za ka ga bambanci. A Alps, inda hanya ke bin gefen rami kuma kuskuren mita 20 yana nufin wani gangaren daban, bambancin ya cancanci kuɗinsa. Wanda PTL ko Tor des Glaciers ne burinsa, 67 zan ce ya ɗauka.

Yanzu ga wani abu da na ga mutane da yawa ba su gane ba, har da iyalan masu gudu. Na'urar GPS sauraro kawai take yi. Ba ta buƙatar sabis, ba ta buƙatar kuɗin wata, amma kuma ba ta gaya wa kowa inda kake. In ka karye a kan tudu da 32x ko SE ko 67 a hannu, za ka san wurinka daidai, amma sai ka sami hanyar faɗa wa wani. Masu aika saƙo su ne masu inReach, wato 67i da Mini 2. Suna bi ta taurarin Iridium guda 66 da suka lulluɓe duniya, suna aika rubutu da neman agaji daga inda babu sabis ko kaɗan, bisa kuɗin da ake biya wata-wata. Mini 2 gram 100 ce, tana kai kwana 14 tana aika wurinka duk minti 10, farashinta ya fara a kusan dala 400. Tana iya nuna layi a ɗan allonta, amma ba don neman hanya aka yi ta ba, kada a saye ta a madadin mai taswira.

A cikin tsere irin Spine masu shiryawa suna ɗaura wa kowa tasu na'urar bibiya mai maɓallin neman agaji, don haka inReach ba dole ba ce. Inda take da rana shi ne atisaye, ranakun da kake fita kai kaɗai tun asuba, maiɗakinka ko mahaifiyarka na gida ba su san ko wane tudu kake ba. Sau da yawa waɗannan ranaku sun fi tseren kansa haɗari. Ko da ita kuma, agaji a tsauni awanni yake ɗauka kafin ya iso. A ranar 22 ga Mayun 2021, a wani tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, iska da ruwa da ƙanƙara suka rutsa da masu gudu a kan tudu cikin 'yan riguna marasa kauri, mutum 21 suka rasu cikin 172. Duk gram ɗin da za ka rage a jaka, kada ya fito daga rigar sanyi don a sami wurin na'ura.

A kuma duba dokar ƙasa kafin a tafi da mai aika saƙo. Indiya ta hana shiga da irinsu ba izini, an sha tsare matafiya a filayen jirginta a kan haka. Mai niyyar tsaunukan Himalaya ta ɓangaren Indiya, 67 marar harafin i ce tasa.

Ga 'yan'uwa da ke atisaye a gida, a duwatsun Shere na Jos ko tsaunin Mambila, ko masu burin hawa Chappal Waddi mai mita 2,419 a Taraba, lissafin ya ɗan sauya. Taswirar da ke zuwa cikin na'ura ta yankin da aka sayar da ita ce, wadda aka sayo a Landan ta Turai za ta ɗauko, sai an nemo ta Afirka an ɗora mata, 32x da 67 duka suna karɓar katin ajiya. Taswirorin kuma daga OpenStreetMap aka gina su, inda 'yan sa-kai ke zana hanyoyi, kuma hanyoyin ƙafa na tsaunukanmu kaɗan ne aka zana. Amfanin na'urar a can shi ne ta riƙe sawunka ta maido ka inda ka fito, jagora ɗan gari kuwa ba abin da zai maye gurbinsa. Batirin AA da ake samu a shagunan ƙauye yawanci masu rauni ne na tocila, ba sa daɗewa a irin wannan na'ura, sai ka taho da naka. Rashin sabis a wurare da yawa kuma ya sa 67i ta fi ma'ana a can fiye da a Ingila, ga wanda aljihunsa zai ɗauka.

Ni dai 32x ce a kafaɗata in hunturu ya shiga, da batirin litiyom huɗu a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke kai musu, agogo a hannu don saurin dubawa, taswirar takarda da kamfas a jaka. Da idona ya fara gajiya da ƙaramin allo, ko da Alps na nufa, 67 zan koma ba tare da jinkiri ba.

Kowacce ka saya, fayil ɗin GPX, wato layin hanyar tseren da masu shiryawa ke bayarwa, kada ka zuba shi dunƙule. 32x tana da iyakar ɗigo 10,000 a layi guda, kuma dogon layi yana nauyaya kowace na'ura. Ka yanka shi zango-zango, kowane yanki da suna gajere mai lamba a gaba, ka ba layin launi mai ƙarfi da ba ya kama da na hanya ko na rafi. Ka ɗora shi a matsayin sawu da za a bi yadda yake, kada ka bar na'ura ta lissafa maka hanya da kanta, domin tana iya karkatar da kai zuwa titi. Ka rage hasken allo zuwa mafi ƙanƙanta da idonka zai iya gani, ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 15. Ka ɗaure ta da igiya a jikin jaka, don hannun da ya daskare yana sakin abu bai sani ba. Sannan tun saura makonni, ka zaɓi dare mai ruwa, ka sa safar da za ka yi tseren da ita, ka hau tudun da ka sani, ka sauya batir a tsaye cikin duhu, ka buɗe yanki na gaba, ka maimaita har yatsunka su riƙa yi ba sai ka duba ba.